Sawun Mai Sanda

Shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati, suka sauka, duk wanda ka sani a Katsina ya yi abin hawa. Masinja ya yi babur, akawu ya yi Fijo, wanda jiya yake roƙon a ɗana masa keke yau shi ke firgita mutane da ham. Hanyar da ta bi ta wajen Ƙofar Kwaya kuwa tana nan yadda take, jar ƙasa da rairayi a gefe, jaki da babbar mota suna gogayya a kanta. Sai umarni ya zo cewa a mayar da ita tagwayen titi, a shimfiɗa kwalta.

Aikin ya faɗo kan teburin Hamman, mai zanen taswira a ofishin ayyuka na gwamnati. Bafulatani ne dogo siriri, wanda ya yi kiwo har ya shekara goma kafin a sa shi boko. Shekararsa uku a garin, a ɗaki ɗaya bayan wani gidan gwamnati a G.R.A., shi da risho da rediyo. Abokan aikinsa ba su ƙi shi ba, mantawa dai suke yi yana wurin. In an tashi sai kowa ya tayar da babur ya nufi majalisarsa, shi kuma ya tura kekensa. Kaɗaici yana damunsa ƙwarai, amma bai san ta inda ake shiga hirar 'yan birni ba, mutanen da kowa ya san kakan kowa.

Shugabansa, Injiniya Atiku, ya miƙa masa takardar ƙidaya ya ce ya je ya ga abin da ke bin hanyar. Takardar tana da gidan ƙaramar mota, da na babbar mota, da na babur. Babu gidan keke, balle na mai tafiya a ƙasa. Wanda ya buga ta, ko a ina yake, da alama bai taɓa ganin ɗan Adam yana tafiya da ƙafarsa ba.

Hamman ya cika takardar yadda aka ce, sannan ya yi nasa. Mahaifinsa in saniya ta ɓace ba ya tambayar kowa, ƙasa yake dubawa, kuma ya koya wa ɗansa. Don haka kullum bayan sallar asuba Hamman yakan karyo reshen bedi, wato darbejiya, ya ja shi a kan rairayin gefen hanya, wannan hannu da wancan, har ya kwanta sumul. Bayan la'asar ya dawo ya tsuguna ya karanta. Ga tayar keke ta bi gefe tana kauce wa mota. Ga inda masu jiran bas suke cirko-cirko har sun tattake wurin, nesa da inda aka kafa allon tsayawa. Ga ƙananan sawayen 'yan makaranta, ga na masu tallar nono, ga kofaton jaki. Mutanen unguwa suka yanke cewa ɗan Fulanin nan na ofis ya fara taɓuwa.

A cikin sawayen akwai wani da ya riƙe masa zuciya. Ƙafar dama tana takawa sosai, ta hagu ana jan ta, sai ta bar dogon layi a ƙasa, a gefe kuma ga ɗigon sanda. Sawun yana fitowa daga wani lungu, ya tsallaka hanya, ya nufi gindin wani bedi inda mai facin keke yake aiki. A tsakiyar hanyar akwai tsohon kututture da motoci ke ratsewa, kuma a nan ɗigon sandar yake taruwa wuri ɗaya. Ashe mai sawun ba ya iya ƙetarewa a tashi guda, sai ya zauna ya huta. Da alama da hantsi yake fita, ya koma kafin azahar, lokacin da Hamman yake ofis.

Kullum sawun nan yake fara nema. In ya gan shi sai ya ji kamar an amsa masa gaisuwa. Ran da layin ya yi zurfi ya san ƙafar ta matsa wa mai ita, ya kwana da damuwa. Da mutum ne mai baki, da tuni ya tambayi mai facin keke ko wane ne. Sau nawa yana isa gindin bedin, ya yi sallama, a amsa, kunya ta kama shi ya wuce. Ya ce wa kansa ai ƙasa ta gaya masa duk abin da yake bukata.

Ya yi mako uku a kan zanen. Ya bai wa motoci layi biyu-biyu. Ya ware wa masu keke tasu hanya da ɗan tudu tsakaninsu da mota, ya yi wa masu tafiya a ƙasa tasu a bakin lambatu. Ya faɗaɗa wurin da bas za ta ratse ta ɗauki mutane, daidai inda ya ga suna tsayawa. Sannan a bangon da zai raba titin biyu ya buɗe ƙofa a inda kututturen yake, ya faɗaɗa tsakiyar yadda mutum zai tsaya mota ba ta taɓa shi ba, ya zana ɗan dakali.

Injiniya Atiku ya sa gilashi ya duba, ya ɗora yatsa a kan wurin.

"Hamman, wanga mi ne ne?"

"Dakali ne, ranka ya daɗe."

"Dakali? A tsakiyar titi? Halan zaure muke ginawa?"

Ofis ya ɗauki dariya. Injiniya ba mugu ba ne, mutum ne da ya ga manyan tituna a ƙasashen waje yana so garinsu ya yi irinsu. Nufinsa bangon ya miƙe ba ƙofa tun daga farko har shatale-tale, mai son ƙetarewa ya je can ya zagayo. Hamman ya ce rabin mil ne zuwa da dawowa, ba wanda zai yi, tsallake bangon za su riƙa yi, direban da bai ji ba bai gani ba ya kwashe mutum. Bai taɓa yin magana mai tsawon haka a ofishin ba. Ya roƙi Injiniya ya zo ya gani da idonsa.

Ya zo kuwa, da la'asar, cikin farar shadda, yana ɗage ta kada ta taɓa ƙasa. Hamman ya nuna masa sawaye fiye da ɗari duk sun bi ta wuri ɗaya, sannan ya nuna masa layin ƙafar da ɗigon sandar. Injiniya ya daɗe yana kallo.

"Wane ne shi?"

"Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

"Kai kau kana da abin mamaki," in ji Injiniya, ya koma mota.

Da zanen ya dawo daga sama an rage faɗin hanyar keke, an soke itatuwan da ya jera a gefe. Amma ƙofar tana nan, dakalin ma yana nan. Ran nan Hamman ya sayi tsire ya tafi da shi ɗaki, ya rasa wanda zai gaya wa, ya ci shi kaɗai.

Katafila ta iso da farkon rani. Aka tumɓuke kututturen, aka haƙa ramin lambatu hagu da dama, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Ɗan kwangila ya ce wata uku, aka yi wata goma sha ɗaya, don siminti ya yanke, damina kuma ta shigo ta cika ramukan da ruwa. Mutanen unguwa suka gitta katako ɗaya suna bi a kai ɗaya bayan ɗaya. Hamman ya ga katakon nan da idonsa, ba sau ɗaya ba. Ya ce a ransa na ɗan lokaci ne, ya koma kan teburinsa inda wani zanen ke jira. A takardarsa titin ya riga ya ƙare, mai kyau, ba rami ko ɗaya.

Aka buɗe titi. Masu mota suka yaba, bas tana ratsewa ta ɗauki mutane ba a toshe hanya, masu keke suna bin layinsu suna kaɗa ƙararrawa ba dalili. Sai dai kwalta ba ta riƙe sawu. Washegari da asuba Hamman ya zo da rairayi cikin kwano ya barbaza a ƙofar bangon, gaban dakalin, ya lallaɓe shi da tafin hannu. Da la'asar ya tarar da sawun takalmi, da na yara, da tayar keke, har da na akuya. Babu layin ƙafa, babu ɗigon sanda. Ya sake zubawa a rana ta biyu, ya sake a ta uku.

A rana ta huɗu ma ya zuba da asuba, da la'asar bai ga sawun ba, sai ya isa gindin bedin, ya yi sallama, wannan karon bai wuce ba. Mai facin keke, Babaji, ya ɗago daga kan tayar da yake nitsawa cikin ruwa. A bayansa dattawa uku suna zaune a kan tabarma. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da gajiya, sannan Hamman ya tambayi wani mai sanda da ke jan ƙafar hagu.

"Malam Sabi'u kake nuhi," in ji Babaji. "Yana nan da ranshi. Shekara tara kullum nan yake zama da hantsi, tun da ciwon ɓarin jiki ya taɓa shi. Likita ya ce mashi ya dinga takawa kullum, kada ƙahwar ta kwanta. To da aka yi ramin ga, ya zo bakin katako ya tsaya, ya juya. Ka san ba ya iyawa."

"Ba wanda ya kama shi ya ƙetare?"

"Malam? Ya yarda a ɗauke shi kamar buhu gaban jama'a? Da hwarko muna zuwa gaishe shi. Sai dai ka san sha'anin yau da gobe." Ya mayar da tayar cikin ruwa. "Yanzu ko ƙohwar gida ba ya kaiwa."

Babaji ya kwatanta masa gidan, na huɗu a cikin lungun, mai ƙyauren langa-langa.

A zaure ya same shi, jingine da bango a kan buzu, tsoho ƙanƙani mai farin gemu. Sandar tana rataye a ƙusa, sama da inda hannunsa zai kai. Hamman ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau, samari. Ina gajiya? Ina mutan gida? Ban gane ka ba."

"Sunana Hamman. Ni na zana titin nan."

"To, to. Sannu da aiki. An ce ya yi kyau."

Hamman ya so ya ce ya san shi, ya san ranar da ƙafar ta fi ciwo, ya san inda yake tsayawa ya sauya hannu a kan sanda. Ya ga ba ta yadda za a gaya wa mutumin da bai taɓa ganinka ba irin wannan magana. Ya ga kuma da ya shigo zauren nan shekara ɗaya da ta wuce, da tambaya ɗaya ta isa, da an gitta katako uku maimakon ɗaya, da ƙarfen dafawa.

"Kututturen nan na tsakiya," in ji tsohon, "sun cire shi ko?"

"Sun cire, Baba. Amma na yi maka dakali a wurin. Daidai tsayinsa, na auna. Mota ba ta isa wurin."

Malam Sabi'u ya dube shi da kyau a karon farko.

"Ni ka yi mawa?"

"Kai na yi wa."

Tsohon ya shafa gwiwarsa ta hagu, sannan ta dama, wadda ita ma yanzu ba ta miƙewa.

"Allah Shi yi ma albarka, samari," ya ce. "Wasu sa zamna."

Hamman ya ce zai kawo keke ya ɗora shi ya tura shi har gindin bedin. Tsohon ya yi murmushi ya ce a bari sai jiki ya yi sauƙi, kuma duk su biyun sun san abin da hakan yake nufi. Daga cikin gida aka aiko cewa ruwan alwala ya yi ɗumi. Hamman ya yi sallama ya sa takalminsa.

Ya fito daga lungun yana tura keke, ya jira mota biyu suka wuce, ya ƙetare zuwa tsakiya. Rairayin da ya zuba da asuba yana nan, duk an tattake shi. Ya jingine keken da bango ya zauna a kan dakalin. Simintin yana da sauran zafin rana, tsayinsa kuma daidai ne, mutum zai zauna ya tashi ba wahala. Motoci suna wucewa ta gabansa da ta bayansa, masu ƙetarewa suna ratse shi suna dubansa. Yana nan zaune har aka kira magariba.