Farar Fitilar Sjef

"Sjef! Ka fito ka cire kwaɗonka, yara sun cika layi!"

Na sake faɗa a oba-oba, ba amsa. An riga an buɗe ƙofar filin wasa, motocin makaranta sun juye mana yara daga Tilburg, ga yayyafi, ga malamansu na leƙo ni ta taga kamar ni na ƙi buɗewa don mugunta.

Wasan da nake kula da shi kogo ne. Mutane su shiga kwale-kwale, ruwa ya ja su cikin duhu, su ratsa tsohuwar kasuwa ta 'yan tsana masu girman mutum: mai gasa burodi na zura faranti a tanda, maƙeri na buga guduma, wata tsohuwa na korar agwagi. Ni ina ɗakin maɓallai. Sjef ne ke shiga bayan 'yan tsanan kowace safiya da tsumma da gwangwanin mai, yana duba bututun iskar da ke ɗaga musu hannu. Maƙwabcina ne, bango ɗaya ya raba kicin ɗina da nasu, kuma tare muke zuwa aiki a kan keke.

Dokarmu ita ce duk wanda zai shiga kogo ya rataya kwaɗonsa a makunnin famfon ruwa, ya tafi da makullin a aljihu. Muddin kwaɗon na nan kwale-kwale ba ya motsi, kuma ko manaja bai isa ya taɓa kwaɗon wani ba. Shi kuwa Sjef mantuwa ce ciwonsa. Sai ya gama aiki ya fice ta ƙofar baya, ya zarce kantin cin abinci na ma'aikata ya zauna da kofi da burodi mai nama, kwaɗo na reto, ni ina shan harara.

Marnix, shugaban sashenmu, ya banko ƙofa. "Toos, me ake jira ne?"

"Mutuminka ake jira. Je ka kanti, za ka same shi da ɓurɓushin burodi a gashin baki."

"Kin tabbata ya fito?"

"Haba Marnix, yau na fara sanin Sjef?"

Ya fita da sauri. Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Muna da wata tsokana a kogon nan: idan mutum ya yi nawa a ciki, sai a kashe masa farar fitilar aiki a kunna wasa, duhu ya rufe, kiɗa ya tashi, 'yan tsana su fara motsi. Kwaɗo ruwa kawai yake tsayarwa, bai hana wannan ba. Mutum ya fito yana lalube da tocila yana zagi, a yi dariya. Shi kansa Sjef ya sha yi mini. Na ce in yana ciki wannan zai koro shi, in kuma yana kanti, ko ba komai yara su ji kiɗa su bar ni in sha iska. Na danna maɓallin.

Na kalli allunan da ke gabana. Kyamarorinmu ruwa kaɗai suke kallo, abin da ke bayan katako ba ruwansu. Waƙar kasuwa ta kai ƙarshe ta sake farawa, ta sake. Wallahi har na buɗe ledar burodina na ci rabi, ina tsara baƙar maganar da zan gasa masa.

Marnix ya dawo a jiƙe. "Ba ya kanti. Sun ce ba su gan shi ba yau."

Na ruga cikin kogon ban ko tuna da fitila ba, Marnix ne ya kunna a bayana.

A lungun da ke bayan mai gasa burodi na same shi, kwance a gefe ɗaya, baki ya karkace, ido a buɗe. Ya faɗi a kan oba-obansa ya danne shi. Tocilar ta gangara ƙarƙashin katako inda hannunsa ba ya kaiwa. Saman kansa sandar ƙarfen da ke tura hannun ɗan tsanan tana shiga tana fita. Hannunsa mai lafiya duk ya ɗaye a gaɓoɓin yatsu. Katako ya yi ta bugawa, ga kiɗa, ga gudumar maƙeri, wa zai ji?

"Ni ce, tsoho. Toos ce. Ga ni nan."

Ya kalle ni.

A asibiti likita ta ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, ta tambayi yaushe abin ya fara, don a irin wannan ciwon saurin kawowa shi ne magani. Marnix ya ce, "Da safe." Da muka fito baranda ya kama hannuna.

"Kowa na yin wasan nan, Toos. Kar ki ɗora wa kanki."

"Rufe mini baki, Marnix. Kai ka tambaye ni ko na tabbata."

Sjef ya kai Juma'a, sannan ya cika. Aka dawo da shi gida aka kwantar a falo cikin akwatin gawa, aka saki labule. Matarsa Riek ta yi ta dafa kofi tana yanka kek, 'yan layinmu na shiga suna fita. Duk wanda ya zo sai ta nuna ni. "Toos ce ta same shi. Da ba don ita ba, da a can zai ƙare shi kaɗai." Ni kuma in sunkuyar da kai in ci gaba da wanke kofuna. Kunya da baƙin ciki suka hana ni barci, ina jin motsinta ta bango ina juyi.

Safiyar jana'iza ta ƙwanƙwasa mini taga. Ba su da 'ya'ya, ƙaninsa kuma bai iso daga Antwerp ba.

"Zo ki kama mini murfin. Ba na son baƙi su rufe shi."

Muka tsaya a kansa. Ta sa masa rigar da yake zuwa coci da ita, ta taje gashin bakin. Murfin na jingine a bango.

"Abu ɗaya ya tsaya mini a rai," in ji ta. "A asibiti da nas ta kashe fitila sai ya hau fizge-fizge yana gurnani, sai an kunna ya lafa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kogo, Toos. A gidan nan shi ke bina yana kashe wuta yana mita. Me ya same shi da duhu?"

Na riƙe gefen akwatin. Ina iya cewa ciwon ne, kuma za ta yarda.

"Ni ce, Riek. Ni na kashe masa fitila."

Ta ɗago.

"Na zata yana kanti. Na kashe fitila na kunna kiɗa don in tsokane shi. Yana kwance a ciki, ni ina zaune ina cin burodi."

"An daɗe?"

"An daɗe."

"Ya yi kira?"

"Ya buga katako. Ban ji ba."

Ta kalli hannunsa, inda aka shafa hoda a kan yatsun. Na jira ta zage ni ko ta nuna mini ƙofa, da hakan ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara masa kwala, ta sake gyarawa.

Mota ta tsaya a ƙofar gida. Masu ɗaukar gawa suka buga ƙararrawa.

"Je ki buɗe labulen nan," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Duka biyun."

Na ja su har ƙarshe. An ɗauke ruwa, hasken safiya ya shigo ya sauka a kan tebur da kofuna, ya kai fuskar Sjef. Aka sake buga ƙararrawa.

"Su jira," in ji Riek.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da kansa. Ni na tsaya a bakin taga, riƙe da gefen labulen don kada ya zame.