Shalik Ɗaya a Barandata

…kuma ba zan kore shi ba, ko Jharna ta bene na ƙasa za ta fasa maƙogwaro. Ga shi nan kan ƙarfen baranda, shi kaɗai, yana takun nan nasa kamar hedimasta ya zo duba aji. Kai baƙi, riga ruwan ƙasa, baki da ƙafafu rawaya, gefen ido kamar an shafa masa kurkum. Tsuntsun nan shalik, ƙwaya ɗaya. Duk Kalkata wa ke son ya ga shalik ɗaya da safe? Sai a kau da kai, a yi ta leƙe-leƙe ana neman na biyu, wai ɗaya baƙin ciki yake kawowa, biyu kuwa farin ciki. Ni me ya rage ya kawo min?

Kyamararka akwai nauyi, Baban Tumpa, maigidana... wuyana. "Kar ki taɓa, hannunki duk mai ne," haka kake cewa. Shekara goma sha ɗaya kana farautar farin nan na fiffikensa, wanda ba ya bayyana sai ya tashi. Me ka samu? Dishi-dishi. Wayar lantarki da sama. Rabin wutsiya. Ni da na tsaya a aji shida, ni ɗin nan, wata bakwai kacal da ƙona gawarka a bakin kogi, na gano abin da ya shige maka duhu: ba bin sa ake yi ba. In zai tashi sai ya ɗan durƙusa, ya karkata kai hagu. Nan ake dannawa. Kana ji na?

Gobe masu raga za su zo. 'Yarka ta gama magana da su tun daga can garin Pune, za a rufe barandar kaf saboda kashin tattabaru. "Ma, tsuntsu ne fa kawai," in ji ta. Kawai! In ban samu yau ba, shi ke nan.

Ɗan guggurun shinkafa a kan ƙarfe... kar hannu ya yi rawa. Ranar ma bai yi ba, da na fasa fararen awarwarona, na goge jan da ke tsagar gashina, kamar yadda matar mamaci ke yi, mata sun zuba ido suna jiran in zube. Ban zube ba. Bikin 'yar Jharna kuwa, cewa aka yi in huta a sama, kar in wahala. Na san irin hutun: ba a son ganin matar mamaci a wurin biki.

"Didi! Ke da wannan mugun tsuntsun naki! Yau ɗana zai fita neman aiki, ki kore shi mana!" Jharna ce daga ƙasa, da Didin nan tata, wato Yaya.

"Ɗan naki ya tashi daga barci tukuna."

Ya cinye. Yana goge baki a ƙarfe. Ya durƙusa... kai hagu... yanzu!

Ƙarar kyamara, sai wani kuka daga kan waya. Wannan fuffukar ta fi ta tsuntsu ɗaya.

"Biyu ne! Didi, biyu ne, kin gani?" Jharna na tafa hannu kamar ita ta ƙyanƙyashe su.

Na gani. Ga shi a ɗan gilashin kyamara, fari tas, gashi ɗaya-ɗaya a fili. Na yi, Baban Tumpa. Abin da ya gagare ka, ni na yi shi! Sai dai ga wata shalik can gefe, fiffike a buɗe, ta zo taryarsa. Yaushe ya samo ta? Wata bakwai ina ciyar da shi, ina cewa ni da shi iri ɗaya ne... ashe gida yake komawa.

Hoton ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau. Wa zan nuna wa? Bari in zauna tukuna.