Suturar Baturiya

A shekarar 1998 Ubale ya dawo Tudun Wada daga Kano da talabijin da na'urar gem, ya roƙi ƙanwar babansa, Gwaggo Zuwaira mai ɗinki, ta ba shi aron shagon ƙofar gidanta. Ta miƙa masa makulli da sharaɗi ɗaya: ranar da ta ga abin kunya a ciki, ranar zai kwashe komatsansa. Shi kuwa ba shi da wani wurin, ba shi da wata sana'ar.

Gem ɗin da samari suka fi so na mutanen Japan ne. Ana shiga wani kogo ƙarƙashin ƙasa, lungu bayan lungu, ana kashe dodanni ana fasa akwatuna. Mayaƙan uku ne, hotunansu jere a gefen gilashin talabijin. Maza biyun an lulluɓe su da ƙarfe har ido. Ta ukun mace ce mai jan gashi, samari suka sa mata suna Baturiya. Abin da ke ba ni haushi da masu haɗa gem ɗin nan har yau, duk sanda Baturiya ta samu sabon sulke mai ƙarfi, sai ya fi na baya ƙanƙanta. Kafin a yi nisa a kogon, abin da ya rage a jikinta bai isa a tace koko ba.

Ubale ya san haka sarai, shi ya sa ya juya talabijin ɗin ta ba ƙofa baya. Sai wata Asabar da hantsi Gwaggo ta shigo karɓar almakashinta da ya ara. Samari suka zube suna gaisuwa. Habu mai faci, wanda ke wasa a lokacin, ya yi ta tare gilashin da kafaɗa har ta ce ya matsa. Ta ƙare wa Baturiya kallo.

"Wane mugun tela ne ya cinye mata yadi?" in ji Gwaggo. "Ƙarti biyu sun sha ƙarfe, ita an turo ta cikin dodanni haka? Ba ta da iyaye ne?"

Ubale ya fara bayanin cewa hoto ne kawai, kuma daga can aka yo ta haka. Gwaggo ta ce bai dame ta ba, ko a suturta yarinya ko a ba ta makullinta. Nan take ta ciro tef ta auna Baturiya a jikin gilashi. Kafin azahar ta dawo da ɗan ƙyallen atamfa, an yi masa kalmasa tsaf, ta manna shi daga wuya zuwa ƙasa.

Makulli ya tsira, amma wata masifar ta ɓullo. Jan layin da ke nuna sauran ran Baturiya yana ƙarƙashin hotonta ne, atamfar ta rufe shi. Ba wanda ke sanin sanda za a ba ta magani, sai dai a ji ta yi ƙara ta faɗi. Babu kuma mai ƙarfin halin ɗaga ƙyallen, don Gwaggo tana hango su daga zaure. Samari suka gaji, suka koma gidan bidiyo.

Ubale ya je ya durƙusa, kamar zai yi kuka, ya ce wa Gwaggo tun da aka suturta yarinyar nan take ta mutuwa. Gwaggo ta dakatar da taka keke. Wallahi tausayi ne ya kama ta, ba na Ubale ba.

Washegari ta sa aka ɗauko keken ɗinkinta aka cinye rabin shagon da shi. Habu ya dawo, sauran suka biyo shi, kowa zaune a ladabce kamar a gaban surukai. Da faɗa ya yi zafi da wani ƙaton dodo mai ƙaho, Gwaggo ta ajiye ɗinki ta miƙe.

"Ku juya baya," ta ce.

Ƙarti suka juya suna kallon bango, har da mai shagon. Ta ɗaga ƙyallen ta leƙa, ta mayar ta gyara shi.

"Habu, ba ta magani, saura ƙiris. Kuma in ka sake sa ta a gaba ku maza kuna baya, ni da kai ne."