Taku Ashirin

Wata bakwai ke nan da rijiyar burtsatsen ƙauyen ta lalace, sau biyu kuma Maijidda tana goya 'yarta Fauziyya zuwa asibitin Zakirai saboda gudawa. Ruwan kududdufi suke sha. Shi ya sa da ta ji yayanta, Dakta Dallatu, ya iso daga jami'a, ko girki ba ta sauke ba ta nufi zauren gidansu.

Shekara goma sha takwas ya yi yana nazarin tsarin mulki da ikon ƙananan hukumomi. A ganinta, idan akwai wanda ya san ƙofar da za a buga, to shi ne.

"Yaya, wai aikin wa ne gyaran nan?"

Ya cire tabarau ya murza ido. "Kin tuna ranar da ma'aikata suka kafa turken inda za a haƙa?"

Ta tuna sarai. Turken ya faɗa tsakiyar geron Malam Hashimu, ga shi ya fara fitar da kai. Da ma'aikatan suka tafi, dattawa suka ce ba a ɓarnar abinci, suka tumɓuke turken suka matsar da shi taku ashirin gabas, gindin tsamiya. Masu haƙa suka zo suka haƙa inda suka tarar.

"Takun nan ashirin ya tsallaka iyaka," in ji Dallatu. "Ƙaramar hukumarmu ta ce rijiyar ba a ƙasarta take ba. Ta maƙwabta ta ce masu shan ruwan ba mutanenta ba ne. Wasiƙa tara na rubuta. Har babi guda na yi a kanta a littafina, na gabatar a taro."

"To me suka ce?"

"Sun tafa."

Maijidda ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Allah sarki, Dakta. Mu zawo, kai tafi." Ta gyara goyo. "Faɗa min gaskiya, za a gyara kafin damina?"

Ya mayar da tabarau. "Ba na jin za a gyara, Maijidda. Ko baɗi."

Maijidda ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta haɗa rigunan Fauziyya uku da katin asibiti da ɗan kofinta a leda. Washegari da Dallatu ya tayar da mota, ta kwance goyon ta miƙa masa.

"Ka kai wa matarka, Anti Kaltume, can birni. Na yaye ta yau. Ba ta son koko da zafi, a riƙa fifita mata."

Yarinyar ta fara kuka. Maijidda ta juya, ta ɗauki bokiti, ta nufi kududdufi.