Kanwar Akawal

"Wannan dokin ba a daji ya ɗauko ba. A gida yake ci."

Malamin dabbobi ne ya faɗa wa direbansa haka, yana wanke hannu a bayan motarsu. Bai san ina tsugune a jikin darni ina tsince wake ba. Allurar shanu suka zo yi mana a garinmu Farin Dutse, Baba ya roƙe shi ya duba masa dokinsa. Ya buɗe wa dokin baki, ya kara kunne a maƙogwaronsa, ya daɗe. Kafin ya ce wani abu Baba ya riga shi, ya ce sammore ne, irin wanda ya kashe masa biyu a baya. Malamin saurayi ne, Baba kuwa da furfurarsa. Sai malamin ya ce to, Allah ya ba shi lafiya. A bayan mota ne ya faɗi abin da ke ransa.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma mu Fulani ne ko da yake Hausa muke ji. Tun da nake Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa tsayawa gabansa na yi masa magana ba. In ya shigo na fita. In yana da saƙo sai ya ce wa yayarsa Goggo Mero, "A ce wa yarinyar nan," ko da ina zaune a wurin. Tun yaye aka ba wa ƙanensa ni, Bappa Hambali mai manyan motoci a Birnin Kudu, shi ya sa ni a makaranta har na gama sakandare a shekarar, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama. Na zo gida ne ina jiran sakamako.

Dokin sunansa Akawal, baƙi wuluk. Da shi Baba yake bin shanu, da shi yake cin kasuwar Gwaram. Na tarar da shi haƙarƙari a waje, leɓensa na ƙasa ya saki, in ya ɗan taka sai ka ji numfashinsa kamar zugazugin maƙeri. In ya sha ruwa rabi ta hanci yake dawowa. Wata bakwai ke nan, in ji Goggo. Kafin shi an yi dawakai biyu, Danda da Bidi, kowanne haka ya rame a tsaye har ya faɗi. Duk ina makaranta aka yi.

A gida yake ci. To me yake ci? Kwana shida na yi ina kallo ta ɓular darni. Harawa, jakinmu ma ita yake ci, ga shi nan sumul. Dusa, tumaki ma suna samu. Ruwa, rijiya ɗaya muke sha. Abu ɗaya ne na Akawal shi kaɗai, wato kanwa. Kullum da hantsi Baba da kansa yake jiƙa jar kanwa, ya dama ta da dusa, ba ya yarda kowa ya taɓa. Da haka mahaifinsa ya riƙe dawakai, da haka shi ma yake riƙewa. Doki in ba shi da lafiya kuwa ƙara masa ake yi.

Mazubin ne na gane, don a gidan Bappa na girma. Baƙaƙen akwatunan batirin mota ne guda biyu, an fasa musu kai da gatari an zare abin ciki. Ran nan Baba ya tafi masallaci na lallaɓa turken. A ƙasan akwatin akwai 'yan ramuka, wani taɓo mai launin toka ya daskare a ciki, harshen doki ya lashe samansa har yana ƙyalli. Farantan cikin batirin da aka zaro kuwa ga su nan a jibge ƙarƙashin rumfar harawa, sun yi fari-fari suna marmashewa. Na kankaro taɓon da tsinke na zuba a gwangwanin madara. Nauyinsa ya fi ƙarfin yawansa.

Na ce wa Goggo zan je Birnin Kudu in ji ko sakamako ya fito. Ban yi ƙarya ba, na je na tambaya. Daga nan na wuce ofishin dabbobi. Na fi awa guda a gindin dalbejiya da gwangwanina a cikin mayafi, in taso in koma. Sai shi malamin ne ya leƙo ta taga.

"Malama, akuya ce ba lafiya, ko ke ce?"

Na shiga na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gwangwanin a kan tebur. Na ce daga gidan mai baƙin dokin nan na Farin Dutse nake, kuma na ji abin da ya ce wa direbansa.

Ya kama baki. "Ashe darnin garinku kunne gare shi. Sunana Ƙasimu. Mene ne wannan?"

Na gaya masa. Ya zazzage a takarda, ya murza da ɗan yatsa, sai na ga dariyar ta bar fuskarsa.

"Dalma ce," in ji shi. "An koya muku ita a makaranta ko?"

Na ce an koya mana, amma a allo.

"To ga ta a takarda. Ba ta kashe doki rana ɗaya. Kaɗan-kaɗan take taruwa, ta kashe jijiyar maƙogwaro, ta hana shi haɗiya, ya yi ta ramewa ana cewa sammore. Na yi zargi ran nan, amma ban ga mazubin ba, kuma dattijo ya riga ya yanke hukunci."

"Zai tashi?"

"In an raba shi da ita yau, mai yiwuwa. Akwai allura, sai na aika Kano. Numfashin ba lalle ya dawo daidai ba. Amma ina amfanin allura ana ba shi gubar da hantsi?" Ya nannaɗe takardar. "Biyun da suka mutu, su ma a ciki suka ci?"

Na ce ban sani ba.

"Ki tambayi mahaifinki. In ya ce i, ba sai kowa ya yi masa bayani ba, makiyayi ne, ya iya bin sawu."

Na ce to. Ban gaya masa cewa ni ban taɓa tambayar mahaifina ko ina kwana baki da baki ba. Kuma ba kunyar kaɗai ba ce. Goggo ta ba ni labari, ranar da Bidi ya mutu Baba bai ci abinci ba har kwana biyu, shi kaɗai ya haƙa masa rami bai bari an kama masa ba. Mutumin nan zan je in sa ya gane da hannunsa ya dama musu?

Da na koma sai na bi hanyar da aka saba. Na zaunar da Goggo na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce ita ba ta zuwa turke, ba ta san a me dawakan baya suka ci ba. Ta dai san Hambali ne ya kawo akwatunan, ya ce ga kwanon da doki ba zai fasa ba, don akushi uku Danda ya tattake.

"Yanzu so kike in ce wa ubanki Manu kyautar ƙanensa guba ce? Ke 'yar nan, boko ya buɗe miki ido ya toshe miki kunne."

Na ce ta dai faɗa masa. Da la'asar Baba ya shigo, ina cikin ɗaki ina ji.

"Manu, 'yar bokon nan ta ce kwanon dokinka bai yi mata ba. Wai a sake wani."

Baba ya yi dariya, irin wadda ya daɗe bai yi ba. "A ce mata in ta kama aikin gwamnati ta sayo masa na tangaran."

Shi ke nan saƙona, ya tafi da ƙafa huɗu ya isa da ɗaya.

Washegari Baba ya fita duba shanu a ƙasa, don Akawal ya daina ɗaukarsa. Na kinkimi akwatunan ɗaya bayan ɗaya na kai bayan rumbu na rufe da kara. Na kwashe farantan a tsohon buhu na ja su har kwazazzabo. Na wanke akushin Goggo na ajiye a turke. Hannuna har ya yi kanta, amma raina fes.

Bai yi minti goma da dawowa ba ya gano su, sawun jan buhun ma sai da ya bi. Ya dawo da akwatunan ya ajiye a inda suke. Ya tsaya tsakar gida, yana kallon bishiyar ɗorawa, ya ce, "Wanda ya taɓa kayan doki, kada ya ƙara." Bai ɗaga murya ba. Goggo ta harare ni ta ce na ji da kunnena.

Na yi tunanin in fasa su da taɓarya. To amma a bayan garejin Bappa akwai irinsu sun fi ashirin, saƙo ɗaya Baba zai aika. Na yi tunanin in rubuta wa Malam Ƙasimu ya zo da kansa. Sai sati na sama suke zagayowa ɓangaren Gwaram, ni kuwa ina ganin yadda ƙafafun Akawal na baya suka fara rawa.

Ranar Laraba da hantsi na ji tari daga turke, irin wanda ban taɓa ji ba. Na leƙa. Dokin ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, dusa tana fitowa ta hancinsa, Baba ya rungume wuyansa yana shafawa yana yi masa magana da Fillanci, yaren da ba ya yi da kowa a gidan. Da ƙyar ya miƙar da shi. Sai ya goge hannu a riga, ya jawo akwatin, ya kwance ƙullin kanwa. Dunƙule ɗaya yake sawa kullum. Ran nan uku ya ɗauko.

Goggo tana bakin murhu ta ga na ɗaura mayafi. "Zuliha, ina za ki? Zuliha!"

Ban taɓa sanin tsakar gidanmu tana da tsawo haka ba. Na zagaya darnin, na cire takalmi, na durƙusa a gabansa, kusa har ina jin warin kanwar. Ya ɗago ya gan ni, ya yi sauri ya kau da kai, yana neman wanda zai ce wa a ce mini. Babu kowa, daga shi sai ni sai dokin.

Na ɗora hannuna a bakin akwatin na rufe. Ban ɗauke ba. Shi ma ya tsaya da butar ruwa a karkace.

"Baba," na ce. Na ji kalmar baƙuwa a bakina. "Danda da Bidi, su ma a cikin wannan kake jiƙa musu kanwa?"