Gaisuwar Alhaji Bunu a Gaban Kwamiti

Zulaikha ta ɗora kwamfutarta a kan kifaffen turmi a zauren gidansu na Roni, domin nan kaɗai sabis yake kamawa. Fuskoki suka bayyana a allon: malaman jami'a daga ƙasashe daban-daban, masu zaɓen matashi ɗaya da zai wakilci masu bincike na Afirka ta Yamma a kwamitin kwamfutar kwantum, wata sabuwar na'urar lissafi mai tsananin sauri. Ta kai zagayen ƙarshe. Mintuna kaɗan aka ba ta, kuma tun safe murna ta hana ta karyawa.

Ta fara da Turanci, baki har kunne. Ta bayyana yadda kubit, ƙwayar lissafin wannan na'ura, take rikicewa da ɗan zafi ko motsi, da hanyar da ta gano ta kama kuskuren. Farfesa mai farin gashi da ke shugabantar kwamitin ya gyara zama. Magana ta fara daɗi ke nan aka yi sallama.

Alhaji Bunu ne, yayan kakanta, ya sauka daga mashin tun daga Gwiwa. Wannan tsoho ba a gaishe shi a tsaye, balle a kan kujera. Kafin ta yi tunani, gwiwoyinta sun kai ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba Alhaji. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya karatu? Ya mutanen Kano? Ya zafi?"

Bai tsallake ko ɗaya ba. Kwamiti kuwa kujerar da ta bari kawai yake kallo.

Da ta miƙe, lokacinta ya kusa ƙarewa. Farfesa ya tambaya, "Sabis ne ya yanke?"

Da ta ce e, kowa zai yarda. Ta dubi tsohon, ta dubi allon.

"A'a, Farfesa. Kakana ne ya shigo. A wajenmu durƙusawa ake yi, kuma waɗanda zan wakilta haka suke."

Sai Alhaji Bunu ya leƙo allon, ya nuna da sanda.

"Wannan mai furfurar shi ne babbansu? To, ki ce ina tambayar iyalinsa."

Ta fassara. Farfesa ya cire tabarau, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Ki ce masa suna lafiya. Sannan ki faro daga kubit ɗin nan, mun mayar da agogo baya."