Mangwaron Gindin Katanga

A unguwar Zariya babu wanda bai san rigimar Gado da maƙwabciyarsa Tsahara mai sayar da zogale ba. Katangar laka ce tsakanin gidajensu, ga bishiyar mangwaro a gindinta. Shekara da shekaru Gado yana rantsuwa ubansa ne ya gina katangar, don haka mangwaron nasa ne. Mutum ne da ko kaza ta tsinci hatsinsa sai ya bi ta har akurki.

Ana nan ya sayi wata tsohuwar mota yana ɗauko kayan lambu daga Jiratawa. Ran nan da hantsi ya zo komawa da baya, birki ya ƙi, katanga ta kwanta warwas.

Ya garzaya ofishin asurans, wato inshorar mota. Aka ce masa irin asurans ɗin da ya yanka, ɓarnar da ya yi wa dukiyar wani kaɗai yake biya. In katangarsa ce, sai dai Allah ya mayar da alheri. Nan kwaɗayi ya taso wa Gado. Ya ga ai in ya bar wa Tsahara katangar na yini ɗaya, ya sami sabuwa a banza.

Da ma'aikacin asurans ya zo duba ɓarna, Gado ya ce katangar ta Tsahara ce, ita kuwa ba ta yi gardama ba. Ta dai aika aka kira mai unguwa da liman, wai don a yi abu cikin mutunci.

"Malam Gado, wagga katanga ta wa ce?" in ji mai unguwa.

Gado ya dubi mangwaron, ya haɗiye miyau. "Ta Tsahara ce."

Liman ya ce kunnensa ya yi nauyi, a maimaita. Gado ya maimaita da ƙarfi, har masu wucewa suka tsaya.

Aka gina katanga ta siminti, ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba. Da Gado ya so tada tsohon zance, mai unguwa ya tuna masa cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mangwaro na nuna, Tsahara ta shigo da kanta da kwano cike, ta ajiye a gabansa.

"Ga na bishiyata, maƙwabci. Ka ɗanɗana."

Gado ya ɗauki guda cikin baƙin ciki. Ya sha, don mangwaron bai taɓa zaƙi irin na bana ba.